Ranar da Aka Kwance Tunkuza

Wata huɗu Abdulbaƙi ya yi yana kiwon kwikwiyo a saman wani bene mai hawa biyar a Kudai, ba wanda ya sani. Duk wanda ya san Makka ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Gari ne da za ka shekara ba ka ga mutum janye da kare ba, balle a gidan da ake ba alhazai haya, inda kowane ɗaki ka leƙa akwai mai alwala a ciki.

Abdulbaƙi shi ne mai gadin gidan, haris kamar yadda ake ce musu a can. Mutumin Gwadabawa ne. Ya zo umara shekara goma sha tara da suka wuce, jirginsu ya koma, shi bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato izinin zama, ba shi da wata takarda da zai miƙa wa askari, ɗan sandansu, in an tare shi a hanya. Abin da ya mallaka shi ne ɗaki a kan rufi kusa da tankunan ruwa, da tarin makullai, da halin wanda ya daɗe a wannan zama. Ba ya ɗaga murya, ba ya tsayawa inda ake gardama, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya saurara tukuna kafin ya motsa. Kuma ko ruwa ake yi da ƙanƙara ba za ka gan shi yana gudu a titi ba, don a wurinsu mai gudu shi ake bi.

A bayan tashar manyan motoci ya tsinci kwikwiyon, ƙarƙashin wata bas da ta mutu aka manta da ita. Uwar ba ta nan, 'yan'uwan ma haka. Ya sa shi cikin kwalin ruwan sha, ya rufa da tsohon ihrami, ya hau da shi sama ta matakala. Ya sa masa suna Tunkuza saboda kalarsa, don ba wata kala ce ta a zo a gani ba. Mahaifin Abdulbaƙi mafarauci ne, a cikin karnuka ya tashi, saboda haka ya san hannu. Da ragowar shinkafar alhazai da ƙasusuwan kaza da nono ya raine shi. Kuma tun a makon farko ya koya masa abin da zama a gidan yake bukata. In kwikwiyon ya buɗe baki zai yi haushi, sai ya kama bakin da yatsu biyu, a hankali, ya riƙe yana kallon idonsa har ya haɗiye kukan. In an ji tafiya a matakala, bayan tanki. Tunkuza kuwa ya ɗauki karatu fiye da yadda malaminsa ya zata.

Wata tsohuwa 'yar Indunusiya ce ta tona asirin. Ta hau shanya tufafi a lokacin da ba a hawa, ta leƙa bayan tanki neman igiya, suka haɗa ido da Tunkuza. Shi bai ce komai ba. Ita ce ta yi ihun da ya isa su biyu.

Mai gidan, Hajiya Maryama, Bahausa ce haifaffiyar Makka, kakanta ne ya zo a ƙafa daga Katsina. Ba muguwa ba ce, shekara goma sha ɗaya tana rufa wa Abdulbaƙi asiri. Amma da yamma ta sa aka kira shi ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofar falonta.

"Ya Abdulbaƙi, haram alaik. Kare a imarata, a cikin gidana? Mutane suna zuwa daga ƙarshen duniya don ibada, kai kana kore musu mala'iku?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wanga kare bai taɓa damun kowa ba. Ko kukanai ba a taɓa ji ba."

"Ni ma ban ji ba, amma an gani, halas. Na ba ka zuwa Asabar. In Asabar ta yi yana nan, baladiyya zan kira su ɗauke shi."

Ya san abin da ke samun karen da motar hukuma ta ɗauka, ko dai yana jin ya sani, kuma bai taɓa jin wanda ya dawo ba. Ya ce to, ya koma sama. Ya zauna a bakin katifa, Tunkuza ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa, tsoro ya kama Abdulbaƙi sosai.

Talal ne ya samo mafita, autan Hajiya, mai aiki a wani kamfanin waya, wanda Hausarsa ke tafiya da sanda, Larabci na tallabe da ita. A cikin wayarsa ya gano cewa akwai wani Balarabe mai suna Bandar da ya kewaye fili da waya a bayan gari, ta wajen Jumum, kusa da garken tumakinsa. Kowace Juma'a bayan la'asar masu karnuka daga Makka da Jidda suna taruwa a can su kwance su, su yi ta gudu. Kuma Bandar ɗin yana neman ƙaramin kare da zai tashi a garken, don nasa ya tsufa, dila na shiga ya fita a kan idonsa.

"Ammu, na kallama shi," in ji Talal, don ammu yake ce masa, wato baffa. "Ya ce mu kawo, ya shuf. In ya ga kare ne mai kyau, zai ɗauka. Bas, sau ɗaya kawai zan iya kai ka, ka san hanya akwai taftish, ana binciken takardu."

"Na sani, ɗana. Allah shi biya ka."

Ranar Juma'a Abdulbaƙi ya yi wa Tunkuza wanka da sabulun wanki, ya yanko igiyar shanya ya ɗaura masa a wuya. Shi kuma ya saka farar jallabiyarsa ta salla, wadda yake ganin in ya sa ta yana kama da mai takarda. Talal ya bi ta wata tsohuwar hanya don kauce wa shingen binciken. Tafiyar minti arba'in ce. Tunkuza na kwance a ƙasan kujerar baya, bai leƙa taga ba ko sau ɗaya.

Filin ya fi na ƙwallo girma, ƙasa ce da tsakuwa da 'yan bishiyoyin ƙaya uku, duwatsu baƙaƙe a bayansa. Ƙofa biyu gare shi, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. A gefe an kafa rumfa, an jera kujeru, samari da 'yan mata kaɗan sun zauna da fulas ɗin gahawa. A tsakiya kuwa karnuka ne, sun kai ashirin. Akwai dogaye sirara irin na farautar Larabawa, masu ciki a manne da baya. Akwai wani ƙato mai gashi kamar tunkiyar da ba a yi wa aski ba, an kawo shi daga ƙasar sanyi yana ta haki yana biyan laifin da bai yi ba. Akwai wata 'yar fara ƙarama da aka ɗaure wa gashi da jan zare, ita ce ma ta fi kowa baki. Abdulbaƙi ya tsaya yana kallo. A garinsu kare ko na farauta ne ko na gadi. Waɗannan ya rasa aikinsu, sai daga baya ya gane ba su da shi.

Bandar ya taso ya tare su. Dattijo ne mai tumbi da farin gemu, ya yi ritaya daga wani aikin gwamnati, yana da murya irin ta wanda bai taɓa jin tsoron a ji shi ba. Ya yi musu maraba da Larabci, ya duƙa ya buɗe bakin Tunkuza ya duba haƙora, ya shafa ƙafafunsa.

"Ƙashinsa mai kyau ne. Ɗan ƙasa ne, zai jure zafi. Kwance shi, ya hajji, mu ga abin da ke cikinsa."

Abdulbaƙi ya tsugunna ya kwance igiyar. Tunkuza ya dubi filin, ya dubi sama, wadda bai taɓa ganin ta kai ƙasa ta kowane gefe ba, sannan ya zagaya bayan Abdulbaƙi ya cusa kai cikin jallabiyarsa.

"Baƙunta ce," in ji Bandar. "A ba shi lokaci."

Aka ba shi lokaci. Karnukan suka zo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shinshina inda suka saba shinshinawa. Tunkuza ya kwanta ya manne da ƙasa, ya runtse ido, ya bari suka gama suka tafi. 'Yar farar nan mai jan zare ta tsaya a kansa ta zazzaga masa rashin kunya son ranta, ko kunnensa bai ɗaga ba. Wani saurayi ya jefa masa ƙwallo, ƙwallon ya gangaro ya daki hancinsa, ya bi shi da ido kawai. Can wata mota ta tsaya a waje, aka rufe ƙofarta da ƙarfi. Kafin ka ce kwabo Tunkuza ya shige ƙarƙashin kujerar Bandar, ya naɗe jela, ya ɗauke numfashi.

Mutanen rumfa suka yi dariya. Bandar ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa, ya ɗago.

"Ya hajji, wannan kare ne ko mage? Dukansa kake yi?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To wa ya koya masa wannan?"

Talal, wanda kunya ta ishe shi, ya matso ya rage murya.

"Ammu, esh ke damun shi? Maridi ne?"

"Lahiyatai lau. Ni niɓ ɓata shi."

Gaskiya ya faɗa. Wata huɗu yana alfahari a ransa cewa ya yi tarbiyyar da ko mahaifinsa bai taɓa yi wa kare ba. Yanzu da ya ga abin a fili, a gaban mutane, sai ya ga ba wata tarbiyya ba ce. Zamansa ne na Makka ya kwashe kaf ya ɗura wa dabba. Abin ya ba shi haushi, kuma ya ba shi kunya.

Ya miƙe ya cire takalmansa ya ajiye su gefe guda a jere. Ya tattare jallabiyar salla ya cusa ta cikin wando. Talal ya buɗe baki zai tambaya, bai samu dama ba.

"Tunkuza! Cu! Cu, cu!"

Kiran da mahaifinsa ke yi wa karnuka ne in zomo ya tashi. Muryar ta fito a shaƙe, don ta daɗe ba a nemi wannan daga gare ta ba. Sannan Abdulbaƙi, mai shekara hamsin da shida, ya zuba da gudu zuwa tsakiyar fili.

Ba gudu ne mai kyan gani ba, kar a yi ƙarya. Gwiwoyinsa sun manta, tsakuwa na cin tafin ƙafarsa, hularsa ta faɗi tun a taku na goma. Wasu samari biyu suka ɗaga wayoyinsu za su ɗauka. Talal ya yi wuf ya tsaya a gabansu, ya roƙe su da Larabci don Allah su sauke, suka sauke ba tare da sun tambayi dalili ba. Abdulbaƙi kuwa bai san ana yi ba. Yana gudu yana kira, bai waiwaya ba.

Tunkuza ya fito da kai daga ƙarƙashin kujera. Mutumin da ya sani a duniya yana nisa, yana ƙara nisa. Ya fito gaba ɗaya, ya yi taku uku da rarrafe, cikinsa na jan ƙasa. Daga nan ƙafafunsa suka tuna abin da ba a koya musu ba. Ya cim ma Abdulbaƙi a wajen bishiya ta biyu, ya wuce shi, ya so ya tsaya ya kasa, ya wuntsila, ya tashi da ƙasa a hanci. Ɗaya daga cikin dogayen karnukan nan ta zo ta gefensa ta gifta, kamar mai tambaya ko da wani abu. Ya bi ta. Ba zai kamo ta ba ko za a shekara, amma ya bi ta har ƙarshen waya, suka juyo tare, wasu uku suka shiga.

Abdulbaƙi ya tsaya a inda numfashinsa ya ƙare, ya dafa gwiwoyi. Ƙirjinsa na zafi, babban yatsansa na jini. Ya ɗago yana kallon kwikwiyonsa cikin ƙura, kunnuwa a baya, harshe a waje, sai ya ji daɗi ya rufe shi, irin wanda ya manta akwai shi. Ya koma rumfa yana ɗingishi, wata yarinya ta miƙo masa hularsa da ruwan sanyi.

"Masha Allah," in ji Bandar. "Ƙafa akwai. Kai ma akwai saura, ya hajji." Ya kurɓi gahawa. "Amma ni ba tsere zan sa shi ba. Tun da kuka zo ban ji muryarsa ba."

Ya tashi ya ɗauki sanda, ya je ya daki kwanon rumfar da ƙarfi sau uku. Filin ya kaure da haushi. Ƙaton mai gashi ya yi, dogayen suka yi, 'yar farar kamar za ta tsage. Tunkuza ya tsaya cak a tsakiyarsu. Bakinsa ya buɗe, maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya juyo ya nemi fuskar Abdulbaƙi a cikin mutane, ya same ta, ya rufe bakin.

Bandar ya sa aka sake gwadawa. Aka kaɗo tumaki biyu ta jikin waya, aka sa wani ya zagaya ta baya ya girgiza ƙofa. Kowane karo haka: a buɗe baki, a dubi Abdulbaƙi, a haɗiye. Shi kuwa ya yi ta gyaɗa masa kai, yana murmushi, har da tafi, yana cewa yi mana, yi. Tunkuza bai san wannan yaren ba. Wata huɗu fuskar nan abu ɗaya take nufi.

Rana ta sauka kan duwatsu. Mutane suka fara kiran karnukansu suna ɗaurewa, wasu na shimfiɗa darduma a gefen motoci suna jiran magariba. Bandar ya juyo, ba dariya a fuskarsa yanzu.

"Ka yi haƙuri, ya hajji. Na ga kana son sa. Amma ni kare nake nema da zai tashe ni in dila ya shigo. Wanda zai ga ɓarna ya yi shiru, me zan yi da shi?"

Talal ya dubi agogo, ya dubi Abdulbaƙi. Gobe Asabar, duk su biyun sun sani.

Abdulbaƙi ya sa takalmansa, ya saki jallabiyarsa ya kakkaɓe ta. Ya daɗe yana kallon Tunkuza, wanda ya koma wasa da doguwar karyar nan a can nesa, yana cizon ƙafarta tana ture shi. Sannan ya yi wa Bandar magana da Larabcinsa na masu gadi.

"Zan fita in shiga mota. Kar a kira shi, kar a riƙe shi. In ya yi magana kafin mu kai kwalta, naka ne. In bai yi ba, zan dawo in ɗauki abina."

Bandar ya ce ya yarda.

Abdulbaƙi ya buɗe ƙofa ta farko ya rufe, ya buɗe ta biyu ya rufe, a hankali, yadda ya saba rufe ƙofofi. Bai kira Tunkuza ba, bai shafa kansa ba. Ya shiga gaban mota ya zauna ya kafa ido a kan gilashi. Talal ya tayar da mota.

"Sannu-sannu za ka tahi," in ji Abdulbaƙi.

Daga filin zuwa kwalta bai kai rabin kilomita ba, hanya ce ta ƙasa mai gargada. Talal na tuƙi yana duba madubi.

"Ammu, ya daina wasa. Yana dawwar a kanka, yana neman ka, ya je rumfa."

"Tahi dai."

"Ya zo bakin bab, bakin ƙofa. Yana tona ƙasa."

Abdulbaƙi bai juya ba. Hannayensa na kan gwiwa, igiyar shanyar a dunƙule cikin ɗaya. Shi kansa bai san abin da yake roƙo ba. In shiru ya ci gaba, zai koma ya ɗauko shi, su kwana tare yau, gobe mota ta zo. Suka wuce garken tumaki, suka wuce wata tsohuwar rijiya. Kwalta ta bayyana a gaba, manyan motoci na wucewa a kanta.

Sai suka ji. Wata murya ce mara daɗi, a shaƙe, rabi haushi rabi kuka, kamar ƙofar kwano da ta yi tsatsa. Ta tsaya, kamar mai ita ya tsorata da kansa. Ta sake fitowa, ta fi ta farko ƙarfi. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba.

Talal ya taka birki. A madubi ya hango Bandar a bakin waya, ya cire jan rawaninsa yana kaɗawa sama. Wayar Talal ta yi ƙara, ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye.

"Ya ce mabruk, ya karɓa. Ya ce wannan zai tashi matattu ma." Ya dubi dattijon da ke gefensa. "Ammu, in juya? Ka yi masa ma'assalama, daƙiƙa biyu bas. Ka san ba zan iya sake kawo ka ba."

Abdulbaƙi ya so ya koma, ya so ƙwarai. Ya share fuskarsa da hula.

"A'a. In yag gan ni, shiru za shi yi."

Talal ya jira kaɗan ko zai canza magana. Bai canza ba. Motar ta hau kwalta ta juya ta nufi Makka.

"Sauke min gilashin ga," in ji Abdulbaƙi.

Talal ya sauke. Iska mai zafi ta shigo, da ƙarar manyan motoci, da haushin Tunkuza a can baya yana raguwa. Abdulbaƙi ya karkata kai wajen taga yana saurare, har suka sha kwanar dutse.